TUNAWA DA WAƊANDA SUKA YI BARCI CIKIN UBANGIJI

Darasin Nazari Domin Iyalan Kirista

Karatun Nassi: Ayyukan Manzanni 9:36-42, 1 Tasalonikawa 4:13-18, Ibraniyawa 13:7

Ayar haddacewa: Wahayin Yahaya 14:13

Manufa: Iyali su fahimci yadda ya dace a tuna da 'yan'uwa masu bi da suka rasu, a gode wa Allah saboda rayuwarsu, a kuma ɗauki nauyin waɗanda suka bari.

Gabatarwa

Da wuya ikkilisiya ta kai ƙarshen shekara da jama'arta cif kamar yadda ta shiga. Dattijon da ya saba buɗe ƙofar majami'a da asuba, uwar da ke jan waƙa a Zumuntar Mata, matashin da haɗarin mota ya ɗauke, jaririn da bai kai ga yin tafiya ba, duk sukan bar gurbi. A makon farko gidan makoki kan cika maƙil da masu ta'aziyya. Bayan wata uku ƙafa takan ɗauke. Kafin shekara ta zagayo, sai a tarar babu mai ambaton sunan mamacin in ban da gwauruwarsa da 'ya'yansa. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce, saboda haka yadda ikkilisiya ta tuna da matattunta yau, haka za a tuna da masu rai gobe.

1. Rigunan Tabita

A birnin Yafa, bakin Bahar Rum, akwai wata almajira mai suna Tabita, da Helenanci kuwa Dokas, wato barewa. Nassi bai ce ta taɓa yin wa'azi ba, bai kuma ambaci mijinta ko dukiyarta ba. Abin da aka sani game da ita shi ne aikin alheri da taimakon matalauta. Da ta rasu, aka wanke ta aka shimfiɗe a bene, aka aiki mutum biyu zuwa Lidda su kira Bitrus. Da isowarsa gwauraye suka kewaye shi da kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su.

A lura da irin shaidar da matan nan suka bayar. Ba su tsaya jera mata kirari ba, aikin hannunta suka ɗaga aka gani. Kowace riga tana da labarinta: ranar da aka auna ta, sanyin da ta kare, kunyar da ta rufe. Allah ya ta da Tabita ta wurin addu'ar Bitrus, mutane da yawa kuma suka ba da gaskiya, amma tun kafin mu'ujizar, gwaurayen sun riga sun nuna yadda ake tunawa da mai bi. Shaida mai amfani ita ce wadda ta faɗi takamaiman abu. A ce marigayiya ta riƙe marayu uku har suka gama makaranta ya fi a ce uwa ce ga kowa. Magana ta farko tana koya wa mai sauraro abin da zai yi, ta biyun kuwa ana faɗinta a kowace jana'iza.

2. Kuka ba rashin bangaskiya ba ne

Akwai masu tsawata wa mai makoki, suna cewa Kirista ba ya kuka. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ibrahim ya yi kukan Saratu wadda ta rasu tana da shekara 127, sa'an nan ya sayi kogon Makfela a bakin shekel 400 na azurfa don ya binne ta (Farawa 23). Isra'ilawa sun yi makokin Haruna kwana 30, suka yi na Musa kwana 30. Mutane masu ibada sun binne Istifanas da makoki mai yawa (Ayyukan Manzanni 8:2). Ubangiji Yesu da kansa ya zub da hawaye a kan Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar nan.

Abin da Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa a kai shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Dalilinsa kuwa shi ne, tun da Yesu ya mutu ya tashi, Allah zai kawo waɗanda suka yi barci cikinsa tare da shi, matattu cikin Almasihu ne kuma za su fara tashi. Wannan koyarwa ta shiga har cikin harshen Kiristocin farko, waɗanda suka riƙa kiran maƙabartarsu da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin barci. Mai barci ana sa ran farkawarsa. Don haka a bar gwauruwa ta yi kukanta, a zauna tare da ita, a tuna mata da alkawarin tashin matattu cikin natsuwa ba da faɗa ba.

3. Gaskiya a bakin kabari

Jarabar da ta fi yawa a ranar jana'iza ita ce yabon ƙarya. Mutumin da kowa ya san halinsa, sai a ji an mai da shi mala'ika, matasa kuwa suna saurare suna koyon cewa a majami'a ma akan shafa wa gaskiya mai. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kuskuren manyansa ba. Ya faɗi fushin Musa, da zunubin Dawuda, da musun Bitrus. Ya kuma faɗi ƙarshen Yehoram, sarkin Yahuza, wanda ya karkashe 'yan'uwansa, ya yi mulki shekara 8, ya mutu ba wanda ya yi juyayinsa, ba a ma sa shi a kaburburan sarakuna ba (2 Tarihi 21). A gefe guda, Yehoyada firist ne ba sarki ba, amma da ya rasu yana da shekara 130 aka binne shi tare da sarakuna saboda alherin da ya yi wa jama'a da Haikalin Allah (2 Tarihi 24:15-16).

Faɗin gaskiya bai zama izinin tonon asiri ba. Saul ya yi shekaru yana farautar ran Dawuda, duk da haka makokin da Dawuda ya yi masa ya tsaya ne a kan jaruntakarsa da abin da ya yi wa Isra'ila (2 Sama'ila 1). Bai ƙaga masa halin da ba shi da shi ba, bai kuma rama da baki ba. Wannan ita ce ƙa'ida ga mai ba da tarihin mamaci: ya faɗi alherin da ya tabbata, ya yi shiru a kan abin da ba zai gina kowa ba, ya bar shari'a ga Allah. Fasto ba shi da ikon shigar da mutum Mulkin Sama da daɗin baki, maƙwabci kuma ba shi da ikon hana shi shiga.

Wannan ƙa'ida tana da nauyi na musamman a inda aka rasa 'yan'uwa ta hanyar tashin hankali, kamar yadda ya faru a Jos a watan Satumba na 2001, da wasu garuruwa da ƙauyuka da dama a shekarun da suka biyo baya. Wajibi ne a rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a nemi adalci ta hanyar hukuma, kada a bar su su zama adadi kawai. Amma taron tunawa da ya koma wurin hura wutar gaba ya kauce wa Romawa 12:19, inda aka hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa.

4. Iyakar da Nassi ya shata

A al'adun kabilu da yawa akan kai wa kakanni abinci ko burkutu a kabari, a nemi albarkarsu, a kuma ji tsoron fushinsu idan ciwo ya shigo gida. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta neman shawara wurin matattu, labarin Saul da mai duba ta Endor kuma ya nuna inda wannan hanya ke kai mutum (1 Sama'ila 28). Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Yesu Almasihu (1 Timoti 2:5). Share kabari da dasa itace kusa da shi ba laifi ba ne, roƙon mamaci ne laifi.

Tarihin ikkilisiya ya ba da misali mai kyau. Wajen shekara ta 155 aka kashe Bishop Polikab na Samirna, garin da ake kira Izmir a ƙasar Turkiyya ta yau, saboda ya ƙi musun Almasihu. Jama'arsa suka tattara ƙasusuwansa suka binne, suka ƙudura haɗuwa a ranar kowace shekara. A wasiƙar da suka rubuta sun bayyana cewa Almasihu kaɗai suke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi a matsayin almajiran Ubangiji. Manufar taron ita ce a ƙarfafa waɗanda za su fuskanci irin wannan gwaji. Haka Ibraniyawa 13:7 ta umarta: a tuna da shugabannin da suka faɗi Maganar Allah, a dubi ƙarshen zamansu, a yi koyi da bangaskiyarsu.

5. Waɗanda aka bari

Ma'aunin ƙaunar da aka yi wa mamaci shi ne halin da iyalinsa suke ciki bayan an watse. Sau da yawa akan ajiye gawa makonni a asibiti ana tara kuɗi, a ɗinka anko, a yanka sa, a buga kalanda da hoton marigayi, a ci bashi ko a jinginar da gona. Idan zangon karatu ya zo, sai a rasa kuɗin makarantar marayu. Wani lokaci mutumin da aka kashe dubbai a kan akwatinsa bai sami mai saya masa magani ba sa'ad da yake kwance. Mafi muni shi ne dangin miji su kwashe gida da gona da kayan ɗaki, su bar gwauruwa hannu wofi.

Sarakuna biyu sun isa misali. Dawuda ya nemi wanda ya ragu a gidan Saul don ya yi masa alheri saboda Jonatan, ya sami Mefiboshet gurgu, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa (2 Sama'ila 9). Yowash kuwa, wanda Yehoyada ya rene shi ya ɗora shi a gadon sarauta, ya manta da wannan alheri har ya sa aka jajjefe Zakariya ɗan Yehoyada (2 Tarihi 24:20-22). An yi wa uban jana'izar sarakuna, aka kashe ɗan a farfajiyar Haikali. Yesu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya, Yakubu 1:27 kuma ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin addini. Dattawan ikkilisiya da suka ga ana zaluntar gwauruwa suka yi shiru suna da amsar da za su bayar.

6. A rubuta kafin a manta

An san sunayen Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Legas a 1893 da niyyar kai bishara cikin ƙasa. An san Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, dukansu a 1894. An san haka domin akwai waɗanda suka rubuta. Amma masu bishara 'yan ƙasa da suka taka ƙauyuka a ƙafa, da tafintoci, da matan da suka fara koyar da karatu a ƙarƙashin itace, da yawansu sunayensu sun tafi tare da tsofaffin da suka san su. Bulus ya rufe wasiƙarsa ga Romawa da gaisuwa ga mutum fiye da 20, kowa da sunansa, galibinsu ba a san kome game da su ba sai abin da ya rubuta a nan.

Ga abin da iyali da ikkilisiya za su iya yi:

(a) Kowace ikkilisiya ta ajiye littafin tunawa a hannun sakatare. A rubuta sunan wanda ya rasu, ranar baftismarsa, hidimar da ya yi, da ranar rasuwarsa. A ba talaka da mai kuɗi fili daidai wa daida.

(b) A keɓe Lahadi ɗaya a shekara a karanta sunayen, a yi godiya. Waɗansu ɗariku suna yin haka a farkon Nuwamba, lokacin Ranar Dukan Tsarkaka, waɗansu kuma a sujadar daren ƙarshen shekara. Kada a manta da jarirai da yara, gama iyayensu ba su manta ba.

(c) A lokacin sujadar iyali, iyaye su ba yara labarin kakanninsu: yadda suka karɓi bishara, wahalar da suka jure, da waƙar da suka fi so.

(d) A sa matasa su zauna da tsofaffin da suka rage, su ɗauki muryarsu, su rubuta abin da suka ji.

(e) Zumuntar Mata da ta Maza su raba ziyarar gidajen makoki har tsawon shekara, domin zumunta a ƙafa take. Wani kaso na gudummawar jana'iza ya tafi ga karatun marayu.

(f) Magidanta su rubuta wasiyya tun da sauran ƙarfi, da shaidu, don a rufe ƙofar rigimar gado.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne suka rasu a ikkilisiyarku cikin shekarar nan, wane hali nasu ne ya cancanci koyi?

2. Mene ne bambanci tsakanin girmama mamaci da roƙonsa?

3. Waɗanne kashe-kashen kuɗi na jana'iza za a iya ragewa ba tare da an wulakanta mamaci ba?

4. Wace gwauruwa ko wane maraya ne iyalinku za su ziyarta a wannan wata?

Kammalawa

Mai Hadishi 7:2 ta fifita zuwa gidan makoki a kan gidan biki, domin a can ne mai rai ke tuna ƙarshensa. Kowane suna da aka karanta a gaban jama'a tambaya ce ga mai sauraro: in an zo kansa, wace riga za a ɗaga a nuna? Lokacin ɗinka ta shi ne yanzu.

A rufe da addu'a: a gode wa Allah saboda waɗanda suka gama tserensu, a ambace su da suna, a roƙi ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki ga gwauraye da marayu, a kuma roƙi alherin tsayawa da aminci har ranar da ƙaho zai yi ƙara, matattu cikin Almasihu su tashi.