Sauya wa zomo abinci: felet ba a shigar da shi rana ɗaya

Wata uwa daga Fadaman Mada a cikin garin Bauchi ta rubuto mini cikin damuwa. Ɗanta yana kiwon zomaye shida a bayan ɗakin girki, yana ba su dusa da harawa da ɗan ganyen da yake yankowa. Ya tara kuɗin barka da Sallah ya sayo felet, abincin nan na kamfani da ake murzawa ƙwaya-ƙwaya, ya kwashe dusar ya cika musu kwano da shi. Kwana biyu ba a yi ba ƙanana biyu suka kama zawo, ɗaya ta mutu, uwarsu kuma ta takure a lungun keji ta ƙi ci. Yaron ya ce a intanet ya ga masu kiwon wata dabba da ake kira cincila suna ba ta felet, ga ta kuwa ɓul-ɓul. Tambayarta ita ce: gurɓataccen abinci aka sayar masa?

Hajiya, a yi wa yaron jaje, Allah ya mayar da alheri. Mai yiwuwa abincin lafiyarsa ƙalau. Abin da na fi zargi shi ne sauyin da aka yi dare ɗaya.

Duk wanda ya taɓa gyara zomo bayan an yanka ya ga wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, ta kusa cika rabin cikin. A nan ake ainihin aikin narkar da ciyawa, kuma masu aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suka saba da abincin da ke zuwa musu kullum. Felet ya fi harawa sitaci da sinadarin gina jiki, ya kuma kasa ta ƙaiƙayi. In ya sauko musu da yawa bagatatan, sai masu son sitaci su yi yawa su danne sauran, iska ta taru, ciki ya kumbura, wasu ma su fitar da guba. Zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga sai ya bi hanyarsa har ƙarshe. Waɗanda aka yaye kwanan nan, 'yan sati 4 zuwa 8, su suka fi saurin tafiya, domin cikinsu bai gama zama ba. Shi ya sa ƙananan suka fara faɗuwa.

Cincilar da yaron ya gani haka nata cikin yake, har ta fi zomo laulayi. 'Yar tsaunukan Andis ce a Kudancin Amurka, kuma a 1923 wani Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kalifoniya daga ƙasar Cile, kiwonta ya bazu daga nan. Masu kiwonta da suka san abin da suke yi ba sa sauya mata ko samfurin felet sai a hankali. In kuwa yana mafarkin mallakarta, a rarrashe shi ya haƙura: zafin da ya haura digiri 27 yana iya kashe ta, Bauchi kuwa a watan Maris da Afrilu kin san yadda take.

Ga yadda za a yi. A mayar da su kan tsohon abincinsu tukuna har kashinsu ya daidaita. Sannan a samo gwangwanin tumatir a matsayin ma'auni. Kwana uku na farko, awo ɗaya na felet cikin awo uku na dusa. Kwana uku na biyu, rabi da rabi. Na uku, felet uku dusa ɗaya. Daga kwana na 10 a iya barin felet zalla. Ƙanana da mai shayarwa a ja musu abin ya kai sati biyu ko uku. Zomo yana da tsince-tsince, zai iya tone kwanon ya cinye abin da ya sani ya bar baƙon. In ya yi haka a ɗan yayyafa ruwa a cakuɗa, amma a zuba iya abin da zai cinye nan da nan, domin jiƙaƙƙiyar dusa tana tsami da wuri a zafinmu.

Harawa kuma kada a janye ta, ko kafin sauyi ko bayansa. Ta gyaɗa ko ta wake, busasshiya mai ƙamshi, a rataye ta a jikin keji dare da rana. Ita ke tura abinci a hanji, ita ke goge haƙoran da ba sa daina tsiro muddin zomo yana raye. Babban zomon da ba ya shayarwa, giram 60 zuwa 100 na felet a yini ya ishe shi in akwai harawa.

Sai ruwa. Har yanzu ina jin masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Wanda ke cin ɗanyen ganye yana samun ruwa a cikinsa, shi ya sa ba a cika ganinsa a bakin kwano ba. Felet busasshe ne ƙayau. Ranar da aka fara shi, ranar buƙatar ruwa ke ƙaruwa, kuma zomon da bai sha ba daina ci yake yi.

Alƙalin wannan aiki shi ne kashinsu, don haka yaron ya riƙa leƙa ƙarƙashin keji kowace safiya kafin ya share. Na lafiya zagayayye ne, busasshe, girmansa ɗaya, in ka murje shi ka ga ɓurɓushin ciyawa. In ya ƙanƙance ya yi baƙi, ko ya ragu, ko ya zo da majina, a koma matakin baya a ƙara harawa. Akwai wani mai laushi a cure kamar nonon inabi, mai sheƙi. Wannan ba zawo ba ne, zomo yana fitar da shi ne ya sake cinyewa, galibi da dare ko da asuba, yana samun bitamin a ciki. Amma in ana yawan ganinsa a zube ba a ci ba, felet ya yi yawa.

Wajen saye, ko a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ko wani shago, a nemi ganin buhun da aka ɗebo, ko da mudu ɗaya za a auna. A duba ranar da aka yi shi, a tabbatar na zomo ne, ƙaiƙayinsa kuma, abin da ake rubutawa faiba, ya kai kashi 14 cikin 100 ko fiye. A sunsuna. In yana warin fumfuna ko ya dunƙule, a bar shi, musamman da damina, domin fumfunar masara da ta gyaɗa tana da gubar da ke lalata hanta. Kuma kada a yarda da "ai duk ɗaya ne" a karɓo na kaji. Na kajin ƙwai an cika masa sinadarin ƙashi don ɓawon ƙwai, wanda ke taruwa a mafitsarar zomo, wani na kajin kuma akwai maganin da aka zuba a ciki da ke iya yi wa zomo illa. In a gidan akwai ɓeran Masar, shi jikinsa ba ya haɗa bitamin C, felet ɗin zomo kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai da ɗanyen ganye kullum.

Uwar zomayen nan da ta ƙi ci ita ta fi damuna. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana buƙatar likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba. Kafin a kai ta, a ajiye ta a inuwa, a sa mata ruwa da harawa da ɗan ganyen da ta saba da shi. Don Allah kada a fasa kafson Ampiclox ko amoxicillin a zuba mata a ruwa kamar yadda wasu ke yi wa kaji. Irin waɗannan magunguna in zomo ya sha su ta baki suna kashe halittun nan na cikin jakar, su haddasa zawon da ya fi na farko muni. In za a tafi wajen likitan, a tafi da ɗan felet ɗin a leda, da kashin da aka samu a ƙarƙashin kejinta da safe.