Yadda ake ɗaura talabijin a mota mai bin gargada ba tare da ya faɗo ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa ya san yadda mota ke shan jijjiga, balle idan aka sauka daga kwalta aka nufi duwatsun Riruwai ko ƙauyukan Kiru da Bebeji. Masu motocin talla da direbobin tirela da ke sa talabijin a mota suna yawan yin kuskure ɗaya: suna ɗaura shi kamar yadda ake yi a falo.

Bangon falo ba ya motsi. A mota kuwa, abin da ya fi kashe talabijin shi ne ƙaramar girgizar da ba ta tsayawa. Ita ce ke kwance noti sannu a hankali, har wata rana a faɗa rami guda a ji allo a ƙasa.

Da farko a duba bayan talabijin. Akwai ramuka huɗu na sukuru da aka jera bisa ma'aunin VESA. Ƙananan talabijin galibi suna da tazarar milimita 75 ko 100 tsakanin ramukan, da sukuru M4. Masu tazarar 200 sukan ɗauki M6. A sa duka huɗun. Tsawon sukurun ma abin lura ne: idan ya gaza, zare biyu ko uku kawai zai kama, idan kuma ya wuce kima zai iya taɓa kayan wutar da ke ciki.

Ƙarfen maƙalawa mai hannu, wanda ake jawowa a juya, yana da kyan gani amma bai dace da gargada ba. Duk lokacin da talabijin ya nisanta daga jikin mota, nauyinsa yana ƙara ƙarfin jan kusoshin. Wanda ke manne da bango shi ya fi. In dole sai mai hannun, a nemi mai makulli, a kuma ɗaure allon da bel kafin a tashi.

Inda aka kafa ƙarfen ya fi ƙarfen kansa muhimmanci. Siririn katako ko robar rufin cikin mota ba sa riƙe sukuru. A nemo ƙarfen jikin motar, ko mai walda ya sa faranti a baya, a huda, a ratsa da bolti a ɗaure da noti mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi da sauƙi. Maganin kulle zare irin Loctite mai shuɗi ma yana aiki, sai dai kada ya taɓa robar talabijin, don yana fasa ta. Guntun tif ɗin taya a tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana rage jijjiga, kuma kusan kyauta ne. Kafin a kunna injin walda, a cire talabijin, a zare kan batir.

Sai wuta. Ƙananan motoci suna aiki da 12V, yawancin tireloli kuwa 24V ne, don haka talabijin mai 12V zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye a tirela. Sai rewaya ya sa na'urar rage wuta da fis kusa da batir. A bar wa wayoyi ɗan sassauci, a ɗaure su, kada nauyinsu ya rataya a bakin HDMI.

Allon inci 19 zuwa 24 ya wadatar, kuma a kafa shi inda idon direba ba zai kai ba yayin tuƙi. Bayan tafiyar farko a bi kowane noti da sifana, sannan a riƙa maimaitawa duk lokacin da za a sauya baƙin mai.