Amsoshin Tambayoyinku: In Mayar da Motata Mai Iskar Gas?

Wani mai sauraronmu daga Zariya, wanda ke jigilar fasinja zuwa Kano, yana tambaya: ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG, ko ya sayar ya sayi mai haɗin fetur da batir?

To Malam, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane direba ya zama mai lissafi. Mota mai haɗin batir, irin Toyota Prius da ta fara fita a Japan a 1997, cikin gari take nuna bajintarta, domin duk burkin da ka taka a cunkoso caji ne ga batirin. A doguwar hanya irin taka ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ga zafinmu yana gajiyar da batiri, kuma ba kowane bakanike ke taɓa ta ba.

CNG ta fi fetur araha, hayaƙinta ma kaɗan ne, fetur ɗinka kuma yana nan idan gas ya ƙare. Sai dai tukunyar gas ɗin za ta cinye maka wuri a but, inda kayan fasinja ke shiga, motar kuma ta ɗan rage ƙarfi. Kafin ka kashe ko sisi, bincika inda za ka riƙa sha a hanyarka, don gidajen sayar da ita ba su wadata a Arewa ba.

Mu dai CNG muka fi karkata gare ta, amma a yi aikin a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Matsin iskar ya kai 200 a ma'aunin bar. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa fashewa za ta yi.