DARASIN WANNAN WATA: KUƁEWA DA KIFI A TUKUNYA ƊAYA

Wannan karo za mu bar gona kaɗan mu leƙa bakin murhu. Kada maza su ce darasin mata ne su juya shafi, gama abin da za mu faɗa yakan fara daga aljihun maigida kafin ya kai tukunyar uwargida.

Sa'ad da muke zagaya ƙungiyoyinmu na fadamar Rima, wajajen Kwalkwalawa da Wamakko, akwai abin da ya daɗe yana damunmu. Mutum ya tsinki ɗanyar kuɓewa da sassafe, ɗansa kuma ya kwana a bakin ruwa ya samo kifi. Kafin rana ta yi tsaka duka sun tafi kasuwa. Da dare kuwa abin da ke cikin kwano shi ne tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, da kanwa, da ɗan daddawa, shi ke nan. Babba yana iya jimrewa. Amma yaron da aka yaye ba da daɗewa ba, shi ne za ka ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya son wasa. Wannan tamowa ce, irin wadda likitoci ke kira kwashiyoko. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta bayyana ta a rubuce a 1933, tana aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Yaro yana iya cika cikinsa da tuwo kowace rana, duk da haka jikinsa ya rasa abin da zai gina shi. Kifi kuwa yana cikin abincin gina jiki mafi kyau da muke da shi kusa.

To, me ya kawo mutanen Itsekiri cikin wannan magana?

Itsekiri mutanen bakin teku ne, a Jihar Delta. Babban garinsu Warri, sarkinsu kuma ana ce da shi Olu. Garuruwansu da yawa suna tsakanin rafuffuka da kurmin ruwan gishiri, inda jirgin ruwa ya fi keke amfani. Ƙasar noma ba ta da yawa a can, saboda haka tun kakanni kifi da jatan lande da ƙaguwa su ne abincinsu, su ne kuma kayan cinikinsu. Wata 'yar'uwa Ba'itsekira da aiki ya kawo mijinta Sakkwato ita ta nuna wa zumuntar mata yadda suke haɗa kuɓewa da kifi a gida, mu ma muka tsaya a gefe muna kallo. Abin da suke dafawa yana tsakanin farfesu da miya: ruwansa na farfesu ne mai yaji da ƙamshi, kuɓewa kuma ta ba shi jiki har a iya cinsa da tuwo. Su da tuwon sitacin rogo suke ci, ko doya, ko dafaffiyar ayaba. Mu mun gwada da tuwon dawa da na shinkafa, bai bar mu da kunya ba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne kayan ƙamshin. Muna tsammani za ta fito da wani baƙon abu daga jaka, sai ga kimba, da gyaɗar ƙamshi, da citta, da masoro. Duk suna nan a teburin mai kayan yaji a kasuwar Sakkwato, su ne kuma iyayenmu mata ke dakawa a yajin mai jego. Daga kurmin kudu ake kawo yawancinsu tun zamanin fatake. Ashe mun daɗe muna cin abu ɗaya da mutanen Warri ba mu sani ba.

Ƙaguwa da ɗanyen jatan lande ba mu da su, ba kuwa za mu damu ba. Muna da kogin Rima da kogin Sakkwato. Muna da madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, da ta Goronyo wadda aka gama a 1984. Maƙwabtanmu na Argungu tun 1934 suke bikin kamun kifi da duniya ta sani. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, ƙurungu, kowanne zai yi. Tarwaɗa ta fi dacewa da gida mai yara domin ba ta da ƙananan ƙaya da yawa. Wanda ke son ɗanɗanon teku sai ya sayi ɗan busasshen jatan lande wurin 'yan kudu masu kayan miya, cokali biyu ya isa.

Ga yadda ake yi, don gida mai mutum shida zuwa takwas. A sami tarwaɗa matsakaiciya guda biyu, wajen kilo ɗaya, da ɗanyar kuɓewa ƙanana kamar talatin, albasa biyu, attarugu uku ko huɗu, kimba uku, gyaɗar ƙamshi biyu, ɗan citta da masoro, gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya in akwai. A zuba wa tarwaɗar ruwan zafi, ko a goge ta da toka ko lemun tsami, sai santsin ya fita. A cire kayan ciki, a wanke, a yanka gunduwa-gunduwa, a barbaɗa gishiri. Kimba da gyaɗar ƙamshi a ɗan gasa su a bakin wuta. A fasa gyaɗar a ɗauki ƙwayar, kimba kuma a buge ta a zubar da 'ya'yan, gama su ne ke kawo ɗaci. A daka duka tare da citta da masoro.

A ɗora ruwa kofi shida, a zuba dakakken yajin da albasa da attarugu da jatan landen, a bar su su tafasa minti goma. Sa'an nan a sa kifi, a rage wuta. Minti goma zuwa sha biyu ya nuna. A tsame shi a hankali a ajiye a kwano. Yanzu ne kuɓewa za ta shiga. Rabinta a yanka ƙanana ƙwarai, ko a ɗan daka, domin yauƙi; sauran rabin a yanka da ɗan girma domin a ji ta a baki. Minti biyar kawai, ba a rufe tukunya. A mai da kifin, a yayyanka ɗoɗɗoya a kai, a kama tukunyar da tsumma a girgiza ta, a sauke. Wanda ke so ya ƙara ludayi ɗaya na manja tun wajen tafasar farko. Don yara muna ba da shawara a sa, domin manja yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kiyaye ido.

Ranar da muka gwada da hannunmu, mun yi kuskure biyu. Mun bar kifin a ciki muka sa maburgi kamar yadda aka saba da miyar kuɓewa, ya dagargaje, ƙaya ta bazu ko'ina, aka hana yara ci. Mun kuma jefa kanwa bisa ga al'ada. Zancen kanwar nan ne muke so mu ɗan tsaya a kai, domin mun san za a yi gardama. Uwargida za ta ce in ba kanwa kuɓewa ba ta yauƙi, ba ta kuma riƙe korenta. Gaskiya ne kanwa tana sa ta yi laushi da wuri ta yi kore shar. Amma tana lalata bitamin C da wani sashi na bitamin B, doguwar dahuwa kuma ta ƙarasa abin da ya rage. 'Yar'uwarmu ta Warri ko ƙwaya ba ta sa ba, miyarta kuwa ta yi yauƙi har ana yanke ta da gefen hannu. Asirin yana wurin kuɓewar: ƙarama, ɗanya, tsinkar yau.

Nan aiki ya komo kanmu manoma. Kuɓewa takan fara ba da 'ya'ya wajen wata biyu bayan shuka. In ta fara, sai a tsinka kowane kwana biyu ko uku, tun tana tsawon yatsa. A karya bakinta: in ya karye ƙas, ta yi, in ya tanƙware, ta tsufa, sai a yanka a shanya. Yawan tsinka yana sa ta ci gaba da haihuwa, wadda aka bari ta ƙosa a jikin uwa kuwa takan tsai da sabon fure. Ba ta son sanyin hunturu, don haka masu lambu su jira sanyi ya sassauta wajen Fabrairu. Shukar nan za ta ba da kuɓewa a Afrilu, daidai lokacin da tafkunan fadama suka janye ana su, kifi ya yi araha.

Wajen sayen kifi a buɗe ido. Ɗanyen kifi mai kyau idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, in an danna namansa ya komo. Akwai masu zuba maganin ƙwari irin Gamalin a ruwa don kifi ya taso, akwai kuma masu fesa magani a kan banda don kada ƙwari su ci. Wuta ba ta raba kifi da wannan dafi. Bandar da ke warin magani, ko wadda ƙuda ke gudu alhali yana kan na maƙwabta, a bar wa mai ita. Ƙungiyar da ke da masunta a cikinta ta yi wa kanta doka a kan wannan, gama ruwan nan shi muke sha, shi dabbobinmu ke sha.

Yaro daga wata shida zuwa sama yana iya cin kifi tare da nonon uwa. A ɗibi rabonsa kafin a sa attarugu da yawa, a zare ƙaya da yatsu sau biyu, a murje naman cikin miyar. A zuba masa a kwanonsa dabam. In aka haɗa shi da yayyensa a kwano ɗaya, romo kaɗai zai samu.

Mun san wani zai ce, "Malam, kifin nan shi ne kuɗin taki da kuɗin makaranta." Ba mu ce a daina sayarwa ba. Ƙananan da dillali ke rainawa yana taya su da abin da bai kai ya kawo ba, su ne muke roƙo a kai gida, ko sau biyu a mako. A taronku na wannan wata, sakatare ya karanta darasin nan da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba. Maza su kawo kifi da itace, masu lambu su kawo kuɓewa, a ɗora tukunya biyu, ɗaya da kanwa ɗaya babu, kowa ya ɗanɗana. Ku aiko mana da abin da tsofaffin mata suka ce.