Darasi: Matsayin Zakka da Waƙafi Wajen Koya wa Ɗaliban Sakandare Gyaran Mota

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa tashar Unguwa Uku zai ga garejoji cike da samari, wasunsu sun bar aji ne domin riƙe sifana. Iyaye sukan ɗauka dole a zaɓi ɗaya, ko boko ko sana'a. Amma motar yanzu ta rushe wannan zato, domin lantarki da kwamfuta sun mamaye injinta, kuma bakaniken da ba ya iya karanta abin da na'urar bincike ta nuna yana rasa aiki a hankali. Saboda haka ɗalibin da yake zuwa makaranta da safe, gareji da yamma, shi ne ya dace da zamani.

Masu bayarwa sukan tambaye mu: shin ya halatta a kashe zakka a wannan hanya? Amsar tana da rabe-rabe.

Na farko, aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas. Ɗalibi faƙiri yana ciki saboda talaucinsa, ba saboda ɗalibtarsa ba. Imamu Nawawi ya bayyana a cikin Al-Majmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Don haka akwatin sifanu da jak da za a ba ɗalibi ranar yaye suna iya fitowa daga zakka, matuƙar sun zama mallakarsa.

Na biyu, ginin gareji da manyan na'urori ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kuma jumhurin malamai ba su yarda a yi gini da zakka ba. Nan ne gurbin waƙafi, wanda asalinsa gonar Sayyidina Umar ce a Khaibara: a tsare tushe, a sadaukar da amfani. Mazhabar Malikiyya ta halatta waƙafin kayan da ake ɗauka, har ma na ƙayyadadden lokaci. Ke nan mai shago a Tarauni zai iya waƙafta shi na shekara biyar.

Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, tana da kwalejojin fasaha a Wudil, Bagauda da Ungogo, amma gurabensu ba sa wadatar da yaran unguwanninmu. Cike wannan giɓi yana wuyan mawadata. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci.

Allah ne Mafi sani.