Nazari Kan Gyaran Zaman Bayan Mota Mai Murɗaɗɗen Sifirin: Misalin Peugeot 504

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake maido da tsayin bayan tsohuwar mota bayan ta durƙushe. Za a yi misali da Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna.

Da farko, sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shakazoba aikinsa kwantar da tsalle ne kurum, saboda haka sauya shi ba ya ɗaga mota. Tsatsa da yawan lodi da shekaru su ke gajiyar da ƙarfen sifirin, robar da yake zaune a kai kuma ta lotse. Sakamakon haka, fitilun gaba su riƙa hasken sama suna kashe idon mai tahowa, tayoyin baya kuwa su cinye ta ciki.

Kafin gyara, a ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sauke kaya, a daidaita iskar tayoyi, sa'an nan a auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa leɓen bodi. In ta zauna, a sauya sifirin na dama da na hagu tare, da robobinsu. Cusa katako ko guntun taya tsakanin murɗin sifirin sandarar da shi yake yi, har ya kai ga karyewa. Wajen cirewa a yi hattara, domin matsattsen sifirin in ya kuɓuce yana iya kisa.

Daga ƙarshe, kada a ƙarasa ɗaure notocin bushin sai mota ta sauka kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage.