Gyaran famfo mai ɗiga a gida

'Yan'uwa, mu da ke zaune a ƙasar Bakolori mun san darajar ruwa, mun kuma san abin da rashin gyara ke jawowa. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, domin a shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Da shekaru suka yi nisa, yashi da ciyawa suka cike magudanu, injunan ban ruwa suka tsaya, gonaki da yawa suka bushe alhali tafkin na da ruwa. Sai da aka nemi taimakon Bankin Duniya ta shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a koma ga babban gyara. Haka abin yake a gidajenmu: famfon da aka bari yana ɗiga yau, gobe sai an saye sabo.

Nawa muke hasara?

A yini da dare akwai daƙiƙa 86,400. Ɗigo kimanin 4,000 ne ke cika lita ɗaya. Ke nan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a rana, wato jarka guda, jarka 30 a wata. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan ruwa an saye shi ne wurin 'yan garuwa, ko an ƙona mai an tura shi tanki, ko kuwa 'ya'yanmu mata ne suka ɗauko shi a ka. Ban da haka, ruwan da ya kwanta a gindin famfo yana tara sauro mai kawo zazzaɓi, yana kuma cin gindin katangar ƙasa.

Ku gwada da kanku. Ku ajiye kwano a ƙarƙashin famfon da dare, ku auna abin da ya taru da safe. Mun yi haka a famfon madafar wani gidan fasto, muka tarar da bokiti ya cika kafin gari ya waye. Abin da ya lalace kuwa 'yar roba ce da ba ta kai faɗin kwabo ba.

Kayan aiki

Sifana mai daidaitawa, sukudireba, filaya, tsumma, farin tef na naɗe zaren famfo, da sabuwar roba ko zuciyar famfo daidai da ta da.

Kafin a fara

1. Ku rufe ruwa daga makullin da ke gindin tanki ko kan bututun da ya shigo gida. In babu makulli, ku juye ruwan tankin cikin randuna da durom tukuna.
2. Ku buɗe famfon, sauran ruwan ya tsiyaye.
3. Ku toshe ramin wurin wanke-wanke da tsumma, don kada ƙananan kusoshi su faɗa ciki.
4. Duk abin da kuka cire, ku jera shi a faranti bi da bi. Da haka za ku san yadda za ku mayar.

Famfo mai hannu ɗaya na madafa

Wannan shi ne wanda ake ɗaga hannunsa sama ruwa ya zo, a danna ƙasa ya tsaya. A cikinsa akwai wani dunƙule da muke kira zuciyar famfo, mai ɗauke da 'yan faifai biyu na tangaran masu santsi da ke goge juna. Yashin da ruwan rijiyar burtsatse ke kawowa shi ne ke karce su, daga nan sai ɗiga ta fara.

1. Ku nemi 'yar marfin roba, sau da yawa mai launin ja da shuɗi, a gaban hannun ko a bayansa. Ku ɓamɓare ta da bakin wuƙa.
2. A ciki akwai ƙaramar kusa mai zare. Ku sassauta ta da sukudireba, ko da makullin nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki, sa'an nan ku zare hannun.
3. Ku kwance murfin da hannu, ku kwance babban notin da ke ƙarƙashinsa da sifana. Wani ya riƙe jikin famfon sosai, don kada bututun ya murɗe ya tsage.
4. Ku ciro zuciyar. Ku wanke ta, ku share yashin da ke mazauninta. In farin gishiri ya daskare a jiki, ku jiƙa ta cikin ruwan lemun tsami na 'yan awoyi. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa.
5. In ta tsage ko ɗigar ba ta daina ba, sai a sake ta. Ku tafi da tsohuwar kasuwa a hannu, ko ta Mafara ran Talata, ko shagunan kayan famfo a Gusau ko Sakkwato. Waɗanda aka fi samu masu faɗin milimita 35 ne da 40, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.
6. A gindin sabuwar akwai 'yan ƙafafu biyu. Ku tabbata sun faɗa raminsu kafin ku ɗaure noti.

In ruwan yana fitowa ne ta gindin wuyan da ke juyawa, zoben robar da ke ciki ne ya cinye. Ku zare wuyan ku sake zoben. Kada ku shafa masa man inji ko giris na babur, domin suna lalata roba, suna kuma ɓata ruwan sha.

Famfon murɗi

Yawancin famfunan ƙauyukanmu irin na tagulla ne da ake murɗawa. Gyaransu ya fi sauƙi. Ku kwance kan famfon da sifana, za ku ga baƙar roba a ƙarshen sandar. Ku cire ta ku sa sabuwa. In babu, ana iya yanko irinta daga tub ɗin mota mai kauri, ta riƙe ku zuwa ranar kasuwa. In kuma ta mahaɗin famfo da bututu ne yake yoyo, ku kwance famfon, ku share tsohon tef, ku fuskanci bakin zaren ku naɗa sabo ta yadda hannun agogo ke juyawa, sa'an nan ku mayar.

Bayan gyara

Ku buɗe makullin ruwa a hankali, ku goge famfon ya bushe, ku zuba masa ido na ɗan lokaci. Kada a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, zare kan mutu. Mu koya wa yara rufe famfo ba tare da matsawa ba, mu hana rataya bokiti a wuyansa, mu kuma riƙa wanke tanki don rage yashi. In jikin famfon ne ya tsage, ko bututun cikin bango ke yoyo, sai a kira mai gyaran famfo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Famfo nawa ne ke ɗiga a gidajenmu, da harabar coci, da makaranta, da asibitin ƙauye? Wa zai zagaya ya ƙirga a makon nan?
2. Wa ya fi shan wahala in ruwa ya ƙare a gida? An taɓa jin ta bakinsu?
3. Ko zumuntar mata da ta matasa za su haɗa kuɗi su sayi sifana da tef da robobi, a ajiye a coci don kowa a ƙauye ya ara?
4. Su wane ne mutum biyu, mace da namiji, da za su koyi wannan aiki su koya wa saura?